Ƙwas-Ƙwas a Ƙafar Hagu

Ƙarshen Maris a Thunder Bay,
ƙanƙara ta fara sakin jiki,
titi ya fito da miki
kamar bayan jakin da aka sauke wa mangala.

Dagny Solheim ta shigo da motarta.
Ba jif ba ce, ba ƙaramar mota ba,
jemage ce, ba ta tsuntsu ba ta dabba.
Ta ce, "Tana yi mini ƙwas-ƙwas ta hagu
duk sanda na tsallaka layin dogon rumbun hatsi,
sitiyari kuma sai yawo,
kamar baƙon da ya manta ƙofar masauki."

Maigidana Taisto bai tanka ba.
Ya shafa cikin taya da tafin hannu,
gefe guda ya cinye, sumul kamar kan jariri.
Ya ce, "Daryna, ɗaga ta."

Na kafa jak, na tokare da ƙarfe,
don ba a shiga ƙarƙashin mota da yarda kawai.
Hannu ɗaya a saman taya, ɗaya a ƙasa,
na girgiza.
Ta amsa.
Ba da ƙarfi ba, kamar haƙori mai shirin fita.
Na zura dogon ƙarfe na banƙara,
Taisto ya haska tocila:
bol-joyin na rawa a cikin kwaminsa,
robar ta yage, giris ya gudu,
gishirin hunturu biyar ya tare a gidan.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya ce, "Wata guda, ko mako,
ƙafar nan za ta durƙusa a tsakiyar hanya
ba tare da sallama ba."

Na cire taya. Na zare fil.
Noti ya ƙi, tsatsa ta aure shi.
Na ba shi mai, na ba shi lokaci,
na sha kofi rabin kofi, na dawo.
Ya yi kuka, ya juya.
Guduma uku a kafaɗar ƙarfe,
ta huɗu ya saki.
Na matse tsohon ya fito,
na riƙe shi a hannu:
ɗan dunƙule, bai kai ƙwan agwagwa ba,
shi ke ɗauke da mota da mai mota
da jikokinta biyu ranar Asabar.

Sabon ya shiga da ƙyar, haka ake so.
Na ɗaure har sifana ta ce ƙyas,
ban ƙara ba, ban rage ba.
Sabon fil, ba a maimaita tsoho.
Taisto ya ce, "Na dama ma.
Tare suka sha wuya,
in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..."
bai ƙarasa ba, ya juya neman tsumma,
yana jan ƙafa, yana dafa benci.

Dagny tana kallonsa ta saman tabarau.
Ta ce, "Shekara talatin na yi a sashen ƙashi.
Naka ƙwas-ƙwas ɗin tun daga ƙofa na ji shi.
Kwankwason hagu ne, ko?
Takalminka ma gefe guda ya cinye."

Ya dubi takalmin.
Na ga kunnensa ya yi ja.
Ya ce, "Sai bayan Mayu, aiki ya yi yawa."
Ta ce, "Wata guda, ko mako,"
ta rubuta lamba a bayan rasit
ta soke a ƙusar kalanda.

Muka daidaita ƙafafun motar da yamma.
Na kai ta layin dogo da kaina,
na tsallaka sau biyu, taga a buɗe.
Shiru.
Sai iska daga tafki, da kukan tsuntsayen ruwa.

Da na dawo, gareji ba kowa a fili.
Tsohon bol-joyin na kan tebur,
Taisto na juya shi da babban yatsa,
waya maƙale a kafaɗa,
yana jira a ɗauka.